Amsa ga mai labarin 'yar mahauta: kada ki goge ko feji ɗaya

Wa alaikumus salam ƙanwata ta wajen Ringim. Kin ce kina ɗora naki labarin a kan taurarin wani fim mai dogon zango, kin aura wa jarumin 'yar mahauta, baƙa, 'yar ƙauye, sai 'yan guruf ɗin WhatsApp na masoyan fim ɗin suka sa ki a gaba: jinin mahauta bai dace da shi ba, ki sauya ta ko su daina karantawa, har wata ta ce daga ganin rubutunki ke ma baƙauya ce. Kina tambaya ki goge ne, ko ki fice, ko ki rama.

Wallahi na san wannan ciwon. Duk wadda ta taɓa kwana tana taifin da babban yatsa, ta biya kuɗin caji a shago, ta zagaya bayan gida neman sabis don ta tura feji ɗaya kyauta, ta san yadda irin wannan magana take sauka a ƙirji. Kada ki goge. Kada kuma ki rama yau.

Abin da za ki fara yi kafin ki kwanta: ki ɗauki sikirinshot na kowane zagi, yadda lambar mai shi da lokacin za su fito. A WhatsApp wanda ya tura saƙo yana iya goge shi ga kowa har wajen kwana biyu, admin ma haka, idan kuma an kunna saƙo mai ɓacewa to bayan awa 24 ko kwana 7 ko kwana 90 babu shi. Saƙon murya ki tura shi zuwa lambarki, don sa masa tauraro ba ya hana shi tafiya in an goge. Sai ki ƙirga lambobin masu zagin. Guruf yana ɗaukar mutum 1,024, amma za ki sha mamaki, sau da yawa masu hayaniyar ba su cika yatsun hannu biyu ba, sauran 'yan kallo ne. Dalilin da ya sa na ce kada ki rama shi ne, da zarar kin mayar da baƙar magana ɗaya, an daina cewa "an zage ta", an koma "sun yi faɗa". Shi ke nan kin ba admin ƙofar da take nema.

Admin ɗin nan kuwa ita ce ta fi ci mini rai, fiye da masu zagin. Ita ce za ki ga tana onlayin, ta karanta komai, ta yi gum. Sai an gama yi miki tas, an haɗa da iyayenki da garinku, sannan ta fito da "Don Allah a yi haƙuri a bar maganar, duk ɗaya muke." A bar wace magana? Wa zai yi haƙuri da wa? Ta ɗora mai zagi da wadda aka zaga a sikeli ɗaya, ta kira shi adalci. In kin matsa ta ce kin cika zafi. In wata ta tsaya miki ta ce ana raba kan guruf. Amma bari wani ya turo tallar atamfa ba izini, ko linkin wani guruf, cikin minti ɗaya za ki ga an yi waje da shi. Ashe dai ta san inda maɓallin yake! Tsoronta kada masu sharhi da yawa su gudu guruf ya yi sanyi, kuma sau tari masu gorin ƙawayenta ne, tare suke dariyar a gefe. Irin wannan shirun shi yake koya wa ƙananan yara da ke ciki cewa gori ba komai ba ne.

Duk da haka ta wajenta za ki bi, amma ta bayan fage, ba a cikin guruf ba. Ki tura mata hotunan ba tare da dogon bayani ba, ki nemi abu uku ƙarara: ta goge saƙonnin, ta rufe guruf na dare ɗaya ta yadda admin kaɗai ke iya magana, sannan ta rubuta doka ta maƙale ta a sama, ana iya maƙalewa har kwana 30. Dokar "banda cin mutunci" ba ta aiki, domin kowa zai ce nasa ba cin mutunci ba ne. Sai an ambaci abin da sunansa: gorin asali, gorin sana'ar gado irin su fawa da wanzanci da ƙira da roƙo, gorin launin fata, ƙabila, nakasa, zawarci. Na farko a goge a ja kunne, na biyu a cire. In an cire mutum a sabunta linki, a kunna tantance masu shiga, in ba haka ba gobe zai dawo da layinsa na biyu. Ki ba ta kwana biyu. In ta yi biris kin samu amsarki.

Za su ce miki wasa ne. Mun san wasa. Bafulatani da Babarbare, Bakano da Bazazzagi, Bakatsine da Bahaɗeje, kowa yana jifa ana jifansa, a tashi ana dariya. Wanda gefe ɗaya ke dariya ɗayan yana haɗiye hawaye ba taubasantaka ba ce. In kuma suka ɗauko addini suka ce ai akwai kufu'i a aure, wato sai miji da mata sun yi daidai a matsayi, to a Malikiyyar da muke bi abin dubawa addini ne da kuɓuta daga aibobin da ke sa a raba aure, sana'ar uba ba ta ciki. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙabi, ta 13 ta faɗi abin da ake fifiko da shi. Abu Zarri da girmansa, da ya goranta wa wani mutum mahaifiyarsa, Manzon Allah (SAW) ya gaya masa akwai sauran jahiliyya tare da shi. Sau ɗaya za ki kawo wannan, kada ki mayar da guruf filin muƙabala.

Abin da ke ba ni takaici ma, mu ne a gidan kallon ƙwallo muka yi ta tsine wa 'yan kallon Valencia da suka ci zarafin Vinicius na Real Madrid kan launin fatarsa a watan Mayun 2023, muka ji daɗi da kotun Sifen ta yanke wa uku daga cikinsu wata takwas a 2024. Sai mu dawo gida mu ce baƙar yarinya ba ta dace da jarumi ba, sai fara sol mai gashi har gadon baya. Marubuta irinki na ƙasashen waje su ma suna wannan fama. A 2023 masu ɗora labarai a dandalin Archive of Our Own sun sauya sunayen labaransu zuwa take guda na tsawon mako biyu, don su matsa wa masu dandalin su cika alkawarin da suka yi tun 2020 kan wariyar launin fata. Da taro suka yi, ba ɗaiɗai ba. Ke ma ki nemi mutum uku ko huɗu cikin masu turo miki "Allah ya ƙara basira" a ɓoye, ki roƙe su su faɗa a fili.

Yanzu ki duba labarin naki, don nan ne da yawa ke faɗuwa. Kada matsin lamba ya sa ki kai ta birni a feji na 20 ta "goge" ta yi haske. Kada kuma ki yi wancan tsohon juyin, a gano ashe ba 'yar mahauta ba ce, 'yar wani attajiri ce da aka tsinta tana jaririya. Kin yi haka kin sa musu hannu, kin yarda cewa sai an wanke mata asali za ta cancanci so. Ki bar ta 'yar gidan fawa har ƙarshe, kuma ki san gidan: ubanta yana sammakon kasuwar Maigatari ranar Alhamis, yana duban sa ya faɗi naman da zai bayar, ita kuma ta san yankan kilishi da haɗin yajinsa. Sannan ki leƙa sauran mutanen labarin. Muguwar uwar miji ita ce baƙa gajera? Boka kullum Bamaguje? Ɗan aiki da gurguwar Hausa don a yi dariya? Gurgu ko makaho ba ya fitowa sai wajen bara? In akwai, ki gyara, don masu gorin za su fara nuna miki su. Wadda kuma ta ce labarin ya yi gaggawa ko soyayyar ba ta nuna ba, wannan gyara ne, ki karɓa, kada zafi ya sa ki haɗa ta da su.

Na kusa mantawa da lambarki. A guruf kowa yana ganinta, manhajar Truecaller mai nuna sunan mai lamba tana iya fito da sunanki, kuma a ƙauye suna ɗaya ya isa a gano gidanku. Ki cire hotonki daga idon waɗanda ba ki ajiye lambarsu ba. In kin yanke shawarar fita, admin kaɗai ake sanarwa. Ki buɗe Channel, wato tasharki ta WhatsApp, can mabiya ba sa ganin lambarki, ba sa iya rubuto zagi, sai dai su danna alama. Kina iya kai rahoton mutum, saƙonninsa biyar na ƙarshe ake tura wa kamfanin, amma kada ki zauna jira, zagin Hausa mai habaici ba kasafai suke gane shi ba. In abin ya kai ga "mun san gidanku", ya wuce batun labari: ki gaya wa yayanki ko Baba, a kai wa mai unguwa da hotunan, barazana ta waya laifi ce a dokar laifukan intanet ta 2015.

Feji na gaba ki sake shi a lokacin da kika saba, ba ban haƙuri a samansa, layi ɗaya ya isa: jarumar tana nan yadda take. Ki turo mini in kin gama, ina son ganin yadda za ta tarbi dangin miji ranar da suka zo ganin ɗaki.