Ƙanina, kada ka ɗora lissafin karatunka a kan harajin attajiran Amurka

Assalamu alaikum. Saƙonka ya iso ni, kuma na yi murna da jin jami'ar ta ba ka gurbin digiri na biyu. Allah ya sa albarka. Na ga abin da ka ce game da kuɗin makaranta: kana tunanin cin bashin karatu ka taho, domin ka ji ana cewa za a ƙara wa masu hannu da shuni haraji a rage kuɗin ruwan da ke kan bashin ɗalibai, masu ra'ayin riƙau ne kawai suke hana ruwa gudu, kuma da zarar an kayar da su a zaɓe komai zai yi sauƙi. Ka tambaye ni ko me ya sa suke ƙin abin da kowa ke gani alheri ne.

Wannan muhawarar da ka ji ba ta shafe ka ba ko kaɗan, kuma shi ne abin da ya fi damuna a saƙon naka. Bashin da ake ta cece-kuce a kansa na gwamnatin tarayya ne, ana ba wa ɗan ƙasa da mai takardar zama ta dindindin da wasu 'yan tsiraru irin 'yan gudun hijira. Mai shigowa da bizar ɗalibi ta F-1 ba ya cikinsu. Ko gobe aka mayar da ruwan bashin nan sifili, kai sisin kwabo ba zai ragu a kanka ba.

Amma tunda ka tambaya, zan ba ka labarin yadda abin ya faro, don ina nan aka yi mafi yawansa.

A 2012 ruwan bashin da gwamnati ke tallafa wa ɗaliban digirin farko yana kashi 3.4 cikin ɗari, kuma doka ta ce ranar 1 ga Yuli zai ninka ya koma 6.8. Shekarar zaɓe ce, babu jam'iyyar da ke son a ce ita ta bari ya ninka. Rigimar ta tsaya kan inda za a samo kuɗin cike giɓin. 'Yan Dimokurat suka ce a toshe wata kafar haraji da wasu masu manyan kuɗaɗen shiga ke bi, 'yan Rifablikan, jam'iyyar masu ra'ayin riƙau, suka ce a ciro daga wani asusu na dokar lafiyar Obama. Aka yi ta ja, aka ɗage shekara guda. A 2013 aka yi sabuwar doka da ta ɗaure ruwan da farashin takardun bashin baitulmali na shekara 10, a ƙara kashi 2.05 a kai ga ɗan digirin farko, kada kuma ya wuce 8.25. Shi ya sa ruwan ke hawa da sauka: ya faɗo har 2.75 a 2020 lokacin korona, ya hau zuwa 6.53 a 2024, na 'yan digiri na biyu kuwa ya kai 8.08 a shekarar.

Maganar harajin attajirai da ta iso kunnenka daga 2014 take. Sanata Elizabeth Warren ta kawo ƙudurin da zai ba masu tsohon bashi mai tsada damar sauya shi zuwa ruwa mai rahusa, a biya kuɗin da abin da ake kira ƙa'idar Buffett, wato duk mai samun sama da dala miliyan ɗaya a shekara kada harajinsa ya gaza kashi 30. Sunan ya samo asali daga attajirin nan Warren Buffett, wanda ya rubuta a 2011 cewa kason harajin da yake biya bai kai na ma'aikatan ofishinsa ba. A watan Yunin 2014 aka kaɗa ƙuri'a a majalisar dattawa, 56 suka goyi baya, 38 suka ƙi, alhali ana bukatar 60 kafin a wuce gaba. Nan ƙudurin ya kwanta, har yau bai tashi ba. Ka ga shekara sama da goma ke nan.

To me masu ra'ayin riƙau ke cewa? Na daɗe ina ɗaukarsu marasa tausayi kawai, sai da na zauna da su. Maƙwabcina mai gyaran famfo ne, bai taɓa shiga jami'a ba, ya koyi sana'a tun yana saurayi, yanzu yana da yara huɗu da ke aiki a ƙarƙashinsa. Wata rana muna hira a bakin gareji ya ce mini shi bai ga dalilin da zai sa gwamnati ta sassauta wa lauya ko likita bashi ba, alhali waɗannan za su fi shi samu tsawon rayuwarsu. Na ce masa ai ba daga aljihunsa za a ciro ba, daga na miloniya ne. Ya ce haka ake faɗa kullum a farko, daga baya layin yana saukowa har ya iske irinsa. Ban yarda da wannan ɓangaren ba, amma na farkon ya tsaya mini a rai. A Amurka manyan da ke da digirin farko ba su kai kashi 40 cikin ɗari ba. Kuma waɗanda bashinsu ya fi kauri galibi 'yan karatun likita ne da lauya da masu digiri na biyu, don haka idan aka rage ruwa bai-ɗaya, su ne za su fi kwasar rabo. Wanda ya ci dala dubu takwas ya bar makaranta bai gama ba, wanda shi ne ya fi shiga uku, ragin da zai samu kaɗan ne.

Hujjarsu da ta fi ƙarfi a wurina ita ce ta farashi. Tun 1987 William Bennett, ministan ilimi a gwamnatin Shugaba Reagan, ya ce duk lokacin da gwamnati ta sauƙaƙa bashi sai jami'o'i su ɗaga kuɗin makaranta, tunda sun san ɗalibi zai samo. An daɗe ana musu a kai, sai a 2015 wasu masu bincike na reshen babban bankin Amurka da ke New York suka gano cewa ƙarin dala ɗaya a iyakar bashin da ake tallafawa yana tafiya da ƙarin kusan santi 60 a kuɗin makaranta. Ni dai idona ya ga gine-ginen alfarma da wuraren motsa jiki da ofisoshin da ba su da alaƙa da aji suna ta tsirowa a jami'o'i. Masu wannan ra'ayi suna cewa rage ruwa tamkar zuba ruwa ne a kwando, muddin ba a taɓa asalin farashin ba. Bashin gwamnatin tarayya kaɗai ya haura dala tiriliyan 1.6 a kan mutum sama da miliyan 40, kuma ba ruwan ne kaɗai ya kai shi nan ba.

Sai batun harajin kansa. Suna yawan kawo cewa kashi 1 na masu samu mafi yawa su ke biyan kusan kashi 40 na harajin kuɗin shiga na tarayya, don haka a ce ba sa biyan rabonsu ba gaskiya ba ne. Suna kuma ganin dukiyar mutum tasa ce, gwamnati ba ta da hurumin miƙa hannu duk lokacin da ta ga wata bukata, kuma wanda ya sa hannu a takardar bashi da hankalinsa ya cika alƙawari. Yawancin 'yan majalisarsu ma sun rattaba hannu kan alƙawarin da Grover Norquist, ɗan fafutukar adawa da ƙarin haraji, ya fito da shi tun 1986, cewa ba za su taɓa goyon bayan ƙarin harajin kuɗin shiga ba. Don haka ko da ƙudurin Warren ya zo da wani abu da suke so, wannan sharaɗin na haraji kaɗai ya isa ya kashe shi.

A nan ne na rabu da su. Wancan kashi 40 ɗin na harajin kuɗin shiga ne kawai, bai haɗa da abin da ake cira a albashi don fansho da lafiyar tsofaffi ba, bai haɗa da harajin saye da sayarwa ba, waɗanda suka fi cizon talaka. Ribar hannun jari, wadda ita ce abincin attajiri, harajinta mafi girma kashi 20 ne da ɗan ƙari, na albashi kuwa yana kaiwa 37. Kuma a 2017 su ɗin suka sauke harajin kamfanoni daga 35 zuwa 21 ba tare da sun damu da giɓin kasafi ba, sai an zo kan ɗalibai ake tuna cewa babu kuɗi. Ba sa kuma son ambaton yadda jihohi suka zaftare tallafin jami'o'in gwamnati bayan durƙushewar tattalin arziki ta 2008, nauyin ya koma kan ɗalibai. Mu da muka tashi da sanin cewa a dukiyar mawadaci akwai haƙƙin mabuƙaci, zancen cewa ba a taɓa ta ba ya zama mana daidai. Yarinyar da ta fito daga gidan da babu wanda ya taɓa karatu, ta ci bashi tana da shekara 18, a ce mata ai da hankalinki kika sa hannu, wannan ba adalci ba ne. Bashin nan ko mutum ya je kotu ya bayyana karayar arziki, da ƙyar ake sauke masa shi.

Game da fatan da kake yi cewa zaɓe zai gyara: Biden ya ci zaɓe, ya yi yunƙurin yafe dala 10,000 zuwa 20,000 ga kowane mai bashi da ya cancanta, kotun ƙoli ta rushe shirin a ƙarshen Yunin 2023 da alƙalai 6 a kan 3. 'Yan ƙasa ma ke nan.

Kai abin da ke gabanka kamfanonin bashi ne masu zaman kansu. Yawancinsu sai ka kawo ɗan ƙasa ko mai takardar dindindin ya tsaya maka, in ka kasa biya shi za a kama. Akwai 'yan kaɗan da ke ba baƙi ba tare da mai tsayawa ba, amma ruwansu kan haura kashi 10. Mu ɗauka ka ci dala 50,000 a kan kashi 12. Ruwan shekara guda kawai dala 6,000 ne, uwar kuɗin ba ta motsa ba. In ka ƙirga dala a naira 1,500, bashin naira miliyan 75 ne, ruwansa miliyan 9 duk shekara. Ka tuna a farkon 2023 dala ba ta kai naira 500 a farashin gwamnati ba, shekara guda bayan nan ta haura 1,500. Idan ka gama ba ka samu aikin da zai riƙe ka a nan ba, ka koma gida kana karɓar albashi da naira kana biya da dala, ina za ka sa kanka? Na san wani yaro da hakan ta faru da shi, har yau yayansa da ya tsaya masa ne ke biya, zumuncinsu ya yi tsami. Kuma bizarka ba ta ba ka damar aiki sama da awa 20 a mako a cikin makaranta lokacin karatu, abin da za ka samu iyakarsa haya da abinci.

Ban ma taɓo maganar riba ba, wadda na san kai da Baba ba za ku ɗauke ta da wasa ba. Kada ka kwatanta da NELFUND, asusun ba ɗalibai bashi na gida, wanda ba shi da ruwa kuma sai bayan shekara biyu da gama bautar ƙasa ake fara cira. Wannan na makarantun gwamnati ne na cikin Najeriya, ba ya bin ka ƙetare.

Abin da nake so ka yi shi ne ka rubuta wa shugaban sashen da ya ɗauke ka, ka tambaya ko akwai gurbin taimaka wa malami a koyarwa ko bincike. Irin wannan gurbi kan ɗauke kuɗin makaranta gaba ɗaya ko mafi yawansa, a kuma ba ka ɗan alawus duk wata. Da shi na yi nawa karatun, kuma a fannin kimiyya da injiniya an fi samunsa, musamman ga mai neman digirin digirgir. In sun ce babu a bana, ka roƙi su ɗage maka gurbin zuwa baɗi, ka nemi wasu jami'o'i biyar ko shida a jihohin da rayuwa ke da sauƙi, ka kuma duba tallafin karatu na PTDF, asusun bunƙasa fasahar man fetur na Najeriya, in fanninka ya shiga. Jinkirin shekara guda ba zai cuce ka ba.

Ka turo mini takardar gurbin da adadin kuɗin da suka ce za su rubuta a fom ɗin I-20, takardar da makaranta ke bayarwa don neman bizar ɗalibi, mu zauna ranar Asabar ta waya mu bi lissafin layi-layi. Zan kuma duba maka wasiƙar kafin ka aika wa shugaban sashen. Ka gaida Hajiya da Baba, ka ce musu ina nan tafe da azumi in Allah ya yarda.