Yaron da Lobarsa Ta Matse: Amsar Maigida ga Yaronsa

Ɗana, na ji saƙonka. Ka ce an kawo maka yaro ɗan shekara 13 da ba a yi wa kaciya ba, saboda yana da sikila uban ya yi ta ɗagawa. Lobarsa, wato fatar kan mazakutarsa, ba ta ja baya, muryarsa tana nan ta yara, sa'o'insa duk sun fi shi tsawo. Uban ya ce matsewar ce ta toshe masa balaga, ka zo gobe da asuba ka yanke. Kana tambaya ko ka je.

Ka je, amma ka bar askar cikin zabira. Abu biyu uban ya haɗa wuri ɗaya, kuma babu igiyar da ta ɗaure su. Balaga daga ƙwaƙwalwa take tasowa, ita ke aika wa maraina saƙo ta cikin jini su fara aiki. Fatar kan mazakuta ba ta da hannu a ciki, ko ta matse ko ta saki. Ka yi masa kaciya yau, muryarsa ba za ta buɗe gobe ba.

Mu wanzamai ba mu cika sanin halin loba a wannan shekarun ba, dalilin kuwa a fili yake. A da, yara 'yan shekara bakwai ake tara mana da hunturu, yanzu ma da yawa tun suna jarirai ake yi musu a asibiti. Wanda ya kai 13 da lobarsa baƙo ne a idonmu, sai mu ɗauka cuta ce. Ni ma haka na ɗauka, har shekarun da na yi ina taimakon likitoci a ɗakin tiyata. Can na koyi cewa kusan kowane jariri ana haihuwarsa da loba manne da hashafa, wato kan mazakuta, kamar yadda farce ke manne da yatsa. Da kanta take rabuwa sannu a hankali, wani yana ɗan shekara uku, wani sai balaga ta zo ta sassauta fatar. Akwai wani likitan makaranta a ƙasar Denmark, Jakob Oster, inda ba a cika yin kaciya ba, da ya bi ɗalibai maza shekara da shekaru yana dubawa, ya fitar da sakamako a 1968. Cikin 'yan shekara 6 zuwa 7, kashi 8 cikin 100 ne ke da matsewar. Cikin 'yan 16 zuwa 17 saura kashi 1 kacal, ba tare da an sa wa kowa aska ba.

To in ka isa, fara da tambaya. Fitsari yana fita da ƙarfi, ko sai ya yi nishi yana ɗiga? Yana jin zafi? Wurin ya taɓa kumbura ya yi ja, ko ya fitar da mugunya? In za ka duba, uban yana tsaye a wurin, ka kori sauran jama'a, ka kuma nemi yardar yaron da bakinka. Ɗan shekara 13 ya san kunya, kuma wulaƙancin da aka yi masa a soro gaban mutane ba ya mantawa. Shi zai ja fatar da hannunsa, iya inda ba ta yi masa zafi ba. Kai kada ka taɓa fizgarta da ƙarfi. Fizga tana tsaga fatar, tsagar ta warke da tabo, tabon kuma shi ne matsewar gaske da ba ta sakewa.

Idonka ya tsaya a bakin lobar. In fatar tana da laushi, kalarta ɗaya da sauran jiki, wannan matsewar ƙuruciya ce. Likitoci suna ba da wani man shafawa, betamethasone, a shafa safe da yamma na mako huɗu zuwa takwas ana ɗan ja a hankali, kuma yawanci tana saki. Likita ne zai rubuta shi, kada ka tura uban zuwa kemis da sunan a takarda. In kuwa ka ga farin zobe mai tauri ya kewaye bakin, kamar busasshen tabo, wannan cutar fata ce, maganinta kaciya a hannun likita, don takan shafi ƙofar fitsarin ma. Farin abu mai kama da cuku da ke taruwa ƙarƙashin fata kuwa dauɗar jiki ce kawai, ruwa ke wanke ta, ba mugunya ba ce.

Abu biyu ne ba a kwana da su. In aka ja lobar baya ta maƙale a bayan hashafa ta ƙi dawowa, kan ya kumbura yana raɗaɗi, to ta shaƙe hanyar jini. Asibiti a wannan sa'ar, ko da tsakar dare ne. Haka in yaro ya tashi da ciwon maraina mai tsanani farat ɗaya, har da amai. Yana yiwuwa jijiyar marainan ce ta murɗe, kuma in aka wuce kamar awa shida ana jiƙe-jiƙe a gida, ana iya rasa ƙwayar.

Kaciyar kanta za a yi masa, addini ne, ba mai cewa a bari. Amma ba kai ba, ba kuma ni ba. A wannan shekarun jijiyoyin jini sun yi kauri, sai da allurar kashe zafi da ɗinki. Ga sikila kuma, dole a auna jininsa tukuna. Na taɓa ganin wani abokin sana'armu, Allah ya jiƙansa, ya yanke babban yaro a gida don jin kunyar uban, sai da aka ƙara wa yaron jini. Tunda muna kan maganar, riƙe biyun nan ga kowane yaro: tambayi uwa ko cikin 'yan'uwanta maza akwai wanda jininsa ba ya tsayawa, don wannan cutar ta wajen uwa take bi. In kuma ka ga ƙofar fitsari a ƙasa take maimakon tsini, kada ka yanke, da wannan fatar ce likita zai gyara wurin.

Saura maganar balaga, wadda ita ce ainihin abin da ke hana uban barci. Faɗa masa maza suna farawa tsakanin shekara 9 da 14. Alamar farko girman maraina ne, abin da ba mai gani daga waje, shi ya sa iyaye ke zaton ba a fara ba. Gashin mara ya biyo, sannan tsawo da buɗewar murya, gemu shi ne na ƙarshe. Masu sikila kuma sukan makara fiye da sa'o'insu, daga baya su cim musu. In ya cika 14 babu ko alamar farko, likitan da ke duba sikilarsa zai auna shi. Ko malamanmu na Malikiyya sai shekara 18 suke yanke wa yaro hukuncin balaga in alamu ba su bayyana ba.

Ka kuma gargaɗe shi tun yanzu. In balagar ta zo, ƙirjin yaron na iya ɗan kumbura ƙarƙashin kan nono, gefe ɗaya ko biyu, abokai su dinga tsokanarsa wai yana ƙirgen dangi. Kusan rabin samari suna yin haka, yana bajewa cikin wata shida zuwa shekara biyu. Za a zo maka a ce ka yi tsaga ko ka kafa ƙaho a kai. Ka ce a'a.

In uban ya yi fushi ya ce zai nemi wani wanzamin, ce masa ni na hana ka, ka kawo shi wurina bayan La'asar.