Hajiya, ki duba ganyen tukunna kafin ki sayi maganin feshi

Wa'alaikumussalam Hajiya. Kin ce tsutsa na cinye ganyen lemun tsamin da kika dasa a tsakar gida can Tumfure, wane magani za ki fesa. Toh ni dai na daɗe da lemu a gida, zaƙi da tsami, kuma iri biyu ne suka fi damunmu a nan Gombe, ki fara gane wacce ce taki.

Ta farko 'yar malam-buɗe-littafi ce, baƙin nan mai ɗige-ɗigen ruwan ɗorawa da ke yawo kan lemu musamman da damina in bishiya ta yi tofo. Ƙwai ɗaya-ɗaya yake sawa a kan sabon ganye. In tana ƙarama sak kashin tsuntsu, baƙi-baƙi da fari, shi ya sa ake wuce ta ba a lura ba, sai ta girma ta koma koriya, a lokacin ne take cin ganye ba ji ba gani har ta bar miki tsinke zalla. In kin taɓa ta za ta fiddo wasu ƙahonni biyu masu wari, kar ki tsorata, ba ta harbi, burga ce kawai. Wannan wallahi hannu ne maganinta, da sassafe ki bi ganyen sama da ƙasa ki tsince ki zuba a ruwan omo, ƙwan kuma ki murje. Yara ma suna iyawa, nawa har rige-rige suke. Babbar bishiya ba abin da za ta yi mata, dashe ƙarami ne abin ji.

Ta biyu ba ki ganinta, cikin ganyen take, sai dai ki ga zane fari-fari mai walƙiya ya yi kwana-kwana, ganyen ya nannaɗe. Ita ma tofo take bi. Cire wanda ya lalace sosai, kuma a rage zuba yuriya barkatai don shi ke jawo tofo da yawa.

In abin ya fi ƙarfin hannu sai darbejiya. Ki daka busassun 'ya'yanta kamar rabin kilo, ki jiƙa a ruwa lita 10 ya kwana, ki tace da ƙyalle, ki ɗan sa sabulu don ya kama ganye, ki fesa da yamma rana ta yi sanyi. Ba ya kashewa nan take fa, hana su ci yake, don haka ki maimaita bayan sati, haka in an yi ruwan sama.

Su fiya-fiya kuwa don Allah a bar su, gida ne da yara da kaji. Maganin gona mai ƙarfi ma yana kashe zanzaro da rina da ke cinye miki tsutsar kyauta, in kuma lemun ya yi fure har ƙudan zuma zai tafi da su. In ya zama dole, ki tafi da ganyen wajen malaman gona su gani da ido kafin su ce ga wanda za ki saya.