Tambaya da Amsa: Dodon Tatsuniya da Ɗan Tsokanar Intanet

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce mai koyon Sifaniyanci. An ba mu fassara daga Ingilishi, na ci karo da kalmar troll sau biyu, ɗaya a tatsuniya, ɗaya a maganar intanet. Da kalma ɗaya zan fassara su ko biyu? Kuma da Hausa ko dodo ne?

Amsa: 'Yata, kalmomi biyu ne da ake rubutawa iri ɗaya. Ta tatsuniya daga ƙasashen Sikandinabiya ta fito, irin su Nowe da Suwidin. Wata halitta ce mummuna mai zama a duwatsu da koguna, a wasu labaran ma hasken rana na taɓa ta sai ta koma dutse. Ta intanet kuwa, mafi yawan masana suna danganta ta da wani salon kamun kifi da shi ma ake ce wa troll a Ingilishi: masunci ya sa ƙoto a ƙugiya, ya ja ta a bayan jirgin ruwa yana tafiya. A zaurukan Usenet, wani tsohon dandalin tattaunawa na intanet, farkon shekarun 1990, tsofaffin hannu kan jefa maganar da suka san kuskure ce don su ga baƙon da zai haɗiya. Daga baya hoton dodon ya rufe na masuncin.

A Sifaniyanci kalma ɗaya ta ishe ki: trol, da l guda, domin su ll wani sauti ne daban. Jam'i troles, aikatau trolear, aikin kansa troleo. Ƙamus ɗin Hukumar Harshen Sifaniyanci, RAE, ya daɗe da ta tatsuniya, ya ƙara ta intanet a 2020. Kada ki ruɗu da ogro ko duende. Na farko ƙato ne mai cin mutane, na biyu ɗan ƙaramin aljani ne mai ɓarna a gida, kowanne da nasa labarin. Idan kuma rubutun na kamun kifi ne zalla, curricán ake cewa a Sifen.

Hausa ba ta bi wannan hanyar ba, kuma ban ga dalilin tilasta mata ba. A tatsuniya dodo ya yi daidai, ko da yake namu ya fi zama a ruwa ko kurmi. Amma wanda ya shigo ƙarƙashin rubutunki a Facebook yana baƙar magana, ba tsoronsa ake ji ba, haushi yake bayarwa. Kiransa dodo ƙara masa girma ne. Ɗan tsokana ne, ko mai neman magana, in ya wuce gona da iri a ce ɗan neman fitina.

Za ki kuma ga gargaɗin no alimentes al trol, wato kada a ciyar da shi da martani. In kina mayar da wannan Hausa, bar zancen abinci, ki ce tankawa ma yabawa ce.