Farar shadda, duhun zaure da ranar Garwa

Hamadu, na ga hotunan ɗaurin auren Yelwa da ka turo, na kuma karanta tambayarka: "Maigida, a cikin zaure fuskoki sun yi duhu, bakin ƙofa ya yi fari fat. Na danna HDR a manhajar gyaran hoto ta Snapseed, sai mutanen suka koma kamar an shafa musu toka. A ina na kuskure?"

Tun wurin ɗauka ka kuskure, ɗana, gyara ya tarar da ɓarna ne kawai. Idonka in ya kalli cikin zaure sai ya buɗe, in ya kalli waje ya tsuke, kai ba ka ma sani ba. Kyamara kuwa awo ɗaya take yi wa hoto gaba ɗaya. A sana'armu da mataki ake auna haske, kowane mataki ninki biyu ne na wanda ke ƙasa da shi. Kyamara mai kyau tana riƙe mataki 12 zuwa 14 daga wuri mafi duhu zuwa mafi haske, shi ma sai ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta matse ba. Lungun zaure da farar shadda a ranar Afrilu ta Garwa sukan wuce abin da za ta iya haɗiyewa lokaci guda. Kai kuma a JPEG ka ɗauka, wato matsattsen hoto, wanda hawan haske 256 kawai yake ajiye wa kowane launi, alhali RAW na irin kyamarar shago yana ajiye 16,384. Abin da ya ƙone ya zama fari a JPEG ya tafi, ko wa ka kai wa.

HDR na ainihi yawanci hotuna uku ne ko fiye na abu ɗaya, kowanne da nasa hasken, a haɗe su su zama hoto ɗaya. Kafa kyamara a kan mai ƙafa uku, ISO (ƙarfin jin hasken kyamara) a 100, buɗin gilashi a f/8, kada ka ƙara taɓa buɗin, domin in ya canza, zurfin abin da ya fito tangaran ma zai canza, hotunan su ƙi hawa kan juna. Saurin shata, wato tsawon lokacin da kyamara ke buɗe wa haske, shi kaɗai za ka juya. In na tsakiya ya zo a 1/250 na daƙiƙa, sai ka ɗauki mai duhu a 1/1000 don sama da farar riga, ka ɗauki mai haske a 1/60 don lungu. Daga nan manhajar Lightroom ta haɗa maka su. Dabarar ma ba ta yau ba ce: a shekarun 1850 wani Bafaranshe mai hoto, Gustave Le Gray, yana ɗaukar teku daban, sama daban, ya buga su a takarda ɗaya. Madannin Snapseed da ka danna kuwa hoto ɗaya yake matsewa ya kwaikwayi kamannin, bai da wani sabon haske da zai ɗebo.

To amma mutum ba gini ba ne. Tsakanin hoto na farko da na uku wani ya juya kai, wani ya miƙa hannu karɓar goro, sai ka ga fuska biyu a wuya ɗaya kamar fatalwa. A taron biki, ko hawan Sallah a ƙofar Lamido inda dawakai ke sukuwa, manta da hoto uku. Ɗauki ɗaya a RAW, ka auna hasken a kan farar rigar har ka tabbata aikin zaren wuyanta bai ɓace ba, ko da fuska ta ɗan yi duhu. A kwamfuta sai ka sauke hasken wuraren da suka fi fari, ka ɗaga inuwa a hankali.

Nan ne nake so ka buɗe kunne, don nan abincinmu yake. Fatar mutanenmu kyanta yana cikin duhunta da sheƙinta. In ka ɗaga inuwa har ƙarshe, ka ƙara kaifi a kai, sheƙin ya mutu, kowane ƙurji da layin goshi ya fito, ango ɗan shekara 30 ya koma kawun amarya. Tokar da ka gani ke nan. Fuska a ware ake gyara ta da burushin manhaja, mataki ɗaya ya ishe ta sau da yawa, sauran zauren a bar shi da duhunsa, ai zaure ne. Duba kuma gefen hula da rawani: in ka ga wani farin zobe ya kewaye su, hannunka ya yi nauyi, koma baya. Ni ma na taɓa kai wa wani Alhaji irin wannan, ya daɗe yana kallo ya ce, "Malam, rashin lafiya na yi ban sani ba?" Da kuɗina na sake wankewa.

Lokacin hunturu kuwa kada ka wahalar da kanka. Hazo ya riga ya kusanto da haske da duhu, ƙarin bambanci hoton yake nema.

Ran Asabar bayan la'asar ka same ni a gadar Binuwai, rana za ta faɗi kan ruwa, gaɓa ta yi duhu, mu ɗauki ukun tare ka gani da idonka. Ka cika batir, ka share katin, kuma ka ɗauko mai ƙafa ukun da ke bayan ƙofar shago, ba mai karyayyen maɗaurin ba.