Yaro ɗan wata 4 da zafin bazara: a ba shi ruwa da koko?

'Yar uwa, kin ce Inna ta dage a fara ba yaronki ruwa da koko saboda zafi. Ki jinkirta tukuna. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce nonon uwa zalla har wata 6, ko ruwa ban da shi. Mafi yawan nono ruwa ne, ruwan randa kuwa yakan jawo gudawa. Ki yawaita ba shi mama.

In ya cika wata 6, ki fara da kunun gero mai kauri, wanda ba ya zuba daga cokali, da garin gyaɗa ko dafaffen ƙwai, cokali 2 zuwa 3, sau 2 a rana. Zuma sai ya shekara. Inna kuwa, ku tafi tare ranar rigakafi, ta ji daga bakin nas.