Inda ake dasa nozul a injin da kowace silinda ke da toturinta

Ɗana, jiya bayan la'asar ka yi mini tambaya ina ƙarƙashin mota, ban ba ka amsar kirki ba. Ka ce Corollar nan da aka kawo mana warsha, wato garejinmu a nan Jidda, mai injin 4A-GE, in ta hau hanyar Makka gudu take kamar iska, amma a cunkoson Titin Falasɗinu sai fizga da shaƙewa, ta zo danja ta mutu. Kwana uku kana ƙara mata mai kana ragewa a kwamfuta abin ya ƙi, har ka fara zargin ƙwaƙwalwar motar. Ƙwaƙwalwa lafiyarta ƙalau. Ɗaga bonet ka dubi inda mai motar ya mayar da nozul, abin da ke fesa wa inji fetur, wanda Larabawan Sana'iyya, unguwar masu gyaran mota, ke ce wa bakhakh.

Injin nan mai bawul 20 Toyota ta fito da shi a 1991, ta sake gyara shi a 1995, kuma tun daga kamfani kowace silinda da maƙogwaron shigar iskarta da faifan toturinta, wanda ke buɗe wa iska hanya in an taka totur. Haka Nissan ta yi wa RB26 na Skyline a 1989 da faifai shida, haka BMW ta yi wa M3. Duk cikinsu nozul yana ƙasa da faifai, kusa da kan inji, yana kallon bawul ɗin shiga. Mai motarmu kuwa ya cire nasa ya kai su can sama, bakin kakakin da iska ke shiga, don ya ga haka ake yi a motocin tsere.

Fetur ba ya ƙonewa yana ruwa, sai ya zama tururi ya gauraya da iska. In nozul na kusa, feshinsa kan sauka a bayan bawul, wurin da ke da zafi, mai ya tashi nan take, fistin ya zuƙe shi. Tafiyar gajera ce, kusan abin da ƙwaƙwalwa ta aika shi ke isa silinda. To ka ɗauki wannan nozul ka kai shi sama da faifai. A sulo, wato inji na aiki ba a taka totur ba, faifan nan kusan a rufe yake, ɗan tsagi kawai ya bari. Feshin ya zo ya bugi ƙarfe, ya taru, ya riƙa ɗiga ta gefe, sauran ya kwanta a bangon maƙogwaro kamar ka zuba man gyaɗa a mazurari. Yanzu silinda ta samu kaɗan, an jima ta samu da yawa, shi ya sa ka ji sulonta yana hawa yana sauka.

Babbar matsalar tana lokacin da direba ya taka totur. Muddin faifai na rufe, akwai zuƙa mai ƙarfi a ƙarƙashinsa, kuma a cikin zuƙa mai na saurin zama tururi. Da an buɗe, zuƙar ta faɗi, iska ta afka gaba ɗaya domin ba ta da nauyi, mai kuma ya tsaya jiƙa bango tukuna. Silinda ta cika da iska babu isasshen mai, motar ta shaƙe. Direba ya ɗaga ƙafa, zuƙa ta dawo, man da ke bango ya taso a lokacin da ba a nemansa, sai baƙin hayaƙi da fulogi mai kunkunniya. Abin da famfon totur yake magancewa ke nan a kafireta tun zamanin da nake yaron shago, yana tsarto mai da an taka. Ƙwaƙwalwa ma tana da irin wannan ƙarin, amma gwargwadon tsawon bangon da ya jiƙe, gwargwadon wahalar saita shi, kuma adadin yana canzawa tsakanin inji mai sanyi da mai zafi. Kana gyara lissafin asuba kana ɓata na azahar, shi ya cinye maka kwana uku.

Masu tsere ba wauta suke yi ba. A juyi 6,000 a minti, zagayen silinda guda milisakan 20 ne kacal, mai ba shi da lokacin gaurayuwa. Idan aka fesa daga nesa, faifai a wangale, iska na gudu, yana samun tazarar da zai farfashe, kuma tashinsa tururi yana sanyaya iskar, iska mai sanyi kuwa ta fi cika silinda. Ana samun ƙarin ƙarfi a sama. Sai dai motar tsere ba ta tsayawa a danja da na'urar sanyi a kunne cikin zafin Agusta na Jidda. Wannan kuma da ita mutumin yake zuwa aiki, da ita zai je fahas, wato binciken lafiyar mota na hukuma, a auna hayaƙinta a sulo.

Wanda ke son duka biyun layi biyu yake sawa. Honda ta yi haka a babur ɗin CBR600RR na 2003: nozul huɗu a ƙasa suna aiki kullum, huɗu a sama cikin akwatin iska ba sa buɗewa sai juyi ya yi sama an murɗa totur sosai. Aiki ne mai kyau in ƙwaƙwalwar tana iya raba mai tsakanin layukan, kuma mai mota ya yarda da kuɗin.

Akwai abin da ya fi fizga damuna. A irin injin nan iska kan dawo baya ta kakaki, ta fito da hazon fetur ya tsaya a bakinsa. Na taɓa haɗa wa wani mota haka ba akwati ba matacin iska, inji ya yi atishawa sau ɗaya wuta ta kama. Allah ya taƙaita da abin kashe gobara a kusa, amma tabon yana nan a hannuna na hagu, ka sha ganinsa. Ga ƙurar garin nan, kakaki a buɗe ƙasa yake shayar da ringi.

In ka mayar da su ƙasa, kula da kusurwa. Nozul ya kwanta ya bi hanyar iska, ya nufi sandar bawul, kada ya tsaya a tsaye yana wanke bangon da ke gabansa. Kada ka sa manya fiye da buƙata, domin a sulo buɗewar tasu za ta gajarce har ta kusan kai lokacin da allurar ke ɗauka kafin ta ɗaga, kimanin milisakan 1, daga nan awo ya rikice. Matsin mai ka bar shi wajen 3 a ma'aunin matsi na bar.

Kafin ka sake taɓa kwamfuta, daidaita faifan huɗun da ma'aunin zuƙa har su zo ɗaya, in ba haka ba wata silinda tana ja wata tana bi. Kuma tunda zuƙar irin wannan inji bugawa take, ga shi tana ɓacewa da an ɗan buɗe totur, ƙwaƙwalwar kasuwa da aka sa mata ka ɗora lissafinta a kan buɗewar totur da juyin inji, ka yawaita layukan teburin lissafin mai a ƙasa, daga rufe zuwa kashi 20 cikin ɗari, domin a nan ɗan motsin ƙafa ke canza iska da yawa. Bawul ɗin sulo ma na ga an cire shi, a mayar, shi zai riƙe ta in na'urar sanyi ta kama.

Ramukan nozul na asali suna nan, toshe su kawai aka yi. Gobe in Allah ya kai mu, bayan sallar asuba kafin rana ta yi zafi, ka sauke layin mai, ka sayo sababbin robobin nozul, kada ka mayar da tsofaffin. Mai motar ni zan kira shi in yi masa bayani. In ka gama ka tashe ta da sanyinta, ka kira ni kafin ka taka totur, ina so in ji sulon da kunnena.